Warin Fetur a Motar Mai Turare

Ikram ce ta fara ji. Ranar Asabar da hantsi mahaifinta, Malam Jibrin mai turare, ya ɗauko ta daga gidan mijinta a Dukawuya za su je dubiya Gwammaja. Ko layin ba su fita ba ta ja gefen mayafi ta toshe hanci.

"Baba, motar nan warin fetur take yi."

"Ba dai motata ba. Masu sayar da mai ne a bakin titi."

"Wallahi daga ciki ne. Har kaina ya fara sarawa."

Ya ja numfashi a hankali, yadda ba za ta lura ba. Iska kawai ya ji tana wucewa.

Shekara talatin da huɗu Malam Jibrin ya yi yana haɗa turare a Kasuwar Kurmi. Akwai lokacin da in mutum ya wuce ta gaban shagonsa, zai faɗa masa abin da ya shafa da wanda ya haɗa shi. Bara da damina wata mura mai zafi ta kwantar da shi sati biyu. Murar ta tafi, hancin bai dawo ba. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Ya ci gaba da awo da ido da abin da hannu ya saba, in ya gama sai ya miƙa wa mai saye ya ce, "Hajiya, ya kika ji shi?" yana karanta fuskarta.

Ikram ta kafe ba za ta ƙarasa Gwammaja a haka ba, dole ya karya kan motar zuwa garejin Zaharaddeen, bakaniken da ke duba masa ita a kusa da gindin Dala.

Zaharaddeen na zura kai ta taga ya janye da sauri.

"Kashe ta, Baba! Kashe ta tukuna."

Ya fara da murfin tanki, ya juya shi ya ga robarsa lafiya lau. Ya buɗe bonet, ya bi tiyon mai da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ko'ina a bushe. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar da tocila, ya jima, sannan ya fito yana goge goshi.

"Yana gangarowa ta jikin tanki. Daga sama yake."

Ya ɗage kujerar baya. A ƙasanta akwai wani faifan ƙarfe, ya kwance shi. Nan famfon mai yake, robar da ke rufe bakinsa ta bushe ta tsage, ɗan tiyon da ke gefenta kuma ya dare. Fetur ya kwanta a wurin yana sheƙi, soson kujerar ya yi duhu ta ƙasa.

"Wannan ya fi wata biyu yana yoyo," in ji Zaharaddeen. "Ga salansa, bututun hayaƙi mai zafi, nan kusa. Allah ne kawai ya tsare. Wa yake zama a bayan nan?"

Malam Jibrin ya dubi soson kujerar. Ikram ce ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "'Ya'yana. Kullum shi yake kai su Islamiyya."

Sai a lokacin ya tuna ƙaramar jikar tasa ta yi amai sau biyu a motar, ya ce ƙosan safe ne.

Zaharaddeen ya goge wurin da tsumma, ya ɗago shi jiƙe sharkaf yana dariya, ba da wata manufa ba. "Haba Baba, kai da hancinka ya fi na kowa a garin nan? Ji fa." Ya kai masa dab da fuska.

Idon Malam Jibrin ya yi yaji har ya kawo ruwa, amma bai kau da kai ba, bai yamutsa fuska ba. Tsayawa ya yi yana kallon tsumman. Dariyar Zaharaddeen ta mutu. Ya sauke hannunsa, ya koma kan aikinsa, ya sa sabuwar roba da sabon tiyo, ya ɗaure, ya tayar da motar ya tsura wa wurin ido har ya tabbatar ko ɗigo babu. Ya ce a shanya kujerar a rana kwana uku. Bai sake haɗa ido da dattijon ba.

A hanyar komawa Ikram ta zauna gaba. Da suka wuce masallacin unguwa ta juyo ta dube shi.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun murar bara."

"Ka ga likita?"

"Sau biyu. Ya ce wasu yana dawo musu, wasu ba ya dawowa." Ya rage gudu, wata adaidaita ta gifta. "Ki gaya min gaskiya. Turaren da na ba ki da Sallah, ya yake?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba irin naka ba ne, Baba. Na ɗauka wani ne ya haɗa maka. Yana nan a durowa."

Ya gyaɗa kai kawai.

Ranar Litinin ya buɗe shago kamar kullum, ya share, ya jera kwalabe. Wajen azahar Hajiya Hasana ta zo, wadda shi ya haɗa turaren aurenta, tana son irinsa sak don bikin autarta. Ya ɗauko kwalbar almiski, ya buɗe, ya riƙe ta a ƙarƙashin hancinsa, ya ja numfashi. Sannan ya mayar da murfin.

"Hajiya, ki ƙarasa shago na uku daga nan. Ki ce ni na turo ki."

"Lafiya dai, Malam?"

"Na daina haɗawa."

Ta tsaya tana jiran ƙarin bayani, shi kuwa ya mayar da kwalbar mazauninta. Da ta tafi ya janyo ƙofar shagon rabi, ya koma kan bencinsa ya zauna, har aka kira sallah bai motsa ba.