Jirgin Liatu Ba Ya Yoyo

Ni Ɗanlarai ɗan tinka ne a Gwallaga. Bokiti, buta, mazurari, duk abin da ke yoyo ni ake kawo wa in liƙe da darma.

Liatu, 'yar maƙwabcina Amos, tana shekarar ƙarshe a jami'a can Yelwa. Ta zo min da zane, wai in ƙera mata ƙaramin jirgin ruwan yaƙi na gwangwani, irin mai ɗaukar helikwafta a bayansa. Da shi za ta kare aikinta a gaban malamai, in ya yi ta fita da digiri, in bai yi ba sai baɗi.

Jirgin ruwa a Bauchi! Mu da sai famfo ya ga dama muke ganin ruwa. Amma na ƙera, samansa a shimfiɗe kamar faranti, da 'yan helikwaftoci shida. Sai na ga zanen ya bar ƙofa a gindin jirgin, daidai inda ruwa yake. Na ce kai, boko dai bai hana shirme ba. Saboda tausayi na liƙe ta ruf, na bi da fenti, ban ma faɗa mata ba don kada ta ji kunya.

Ranar da za ta kare aikin har sabuwar hula na sa na bi ta. Aka cika baho da ruwa, aka saka jirgi, ya tsaya cas. Liatu ta ce, "Yanzu ƙofar baya za ta buɗe, ruwa ya shiga ciki, ƙananan jiragen ruwa su fito da sojoji zuwa gaɓa." Ashe da gangan ne! Shi wannan jirgin, yoyo ne aikinsa.

Ta ja zaren da zai buɗe ƙofar, shiru. Ta sake ja, zaren ya tsinke.

Na miƙe na ce wa babban malaminsu, "Ranka ya daɗe, ni na gyara." Wani malami mai sanƙo ya ce wa ya shigo da wannan tsohon. Wallahi da ba don yarinyar ba da ya ji amsa.

Suka ce ta dawo baɗi.

Abin da ke cina shi ne ba ta taɓa ce min uffan a kan maganar ba. Kullum da safe in za ta hau keke sai ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Baba." Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.