Kwakwar Kaka Ludwina

A ƙauyenmu, idan aka haifi jariri, ana binne cibiyarsa a dasa kwakwa a kai. Ta Kaka Ludwina an dasa ta a ƙarshen gona, dab da layin da ya raba Papua Niugini da Indonesiya. Bishiyar ta tashi da taurin kai irin na mai ita. Gindinta yana ɓangarenmu, amma ta karkace, kanta ya leƙa Indonesiya, can kuma take zubar da 'ya'yanta, a gonar Yakomina, taubashiyar Kaka.

Shekara hamsin ana abu ɗaya. Yakomina ta tsince kwakwa ta ce saman bishiyar nata ne, Kaka ta tsaya kan layi tana taunar buai, irin goron ƙasarmu, baki jajir, tana kiranta ɓarauniyar ƙasa da ƙasa. In sun gaji su zauna su ci tuwon garin sago kwano ɗaya.

Ranar wata Talata ma'aikatan share iyaka suka zo da injin yankan itace. Shugabansu, wani mai suna Stanis, ya auna ya ce duk bishiyar da ke gefenmu na layin sai an sare ta. Ban taɓa ganin Kaka ta tsorata ba sai ran nan. Ta rungume gindin bishiyar.

"Ɗan nan, cibiyata ce a ƙasan nan. Uwata ce ta binne ta."

"Ki yi haƙuri, Kaka, umarni ne."

Sai ga Yakomina ta ɓullo daga gonarta da adda a hannu.

"Kai yaro, in ka sare ta, ina za ta faɗi?"

Stanis ya ɗaga kai ya duba. "Can wajenku."

"To wa ya ba ka izinin jefa itace cikin ƙasata? Ina takardarka? Saman nan nawa ne!"

Stanis ya sosa ƙeya. Ba shi da ikon taɓa kayan wata ƙasa, ya ce, amma sai mai gindin ta tabbatar da bakinta cewa saman ba nata ba ne.

Duk muka zuba wa Kaka ido. Ta dubi bishiyar, ta harari taubashiyarta, ta tofar da buai.

"Nata ne," ta ce can ƙasa-ƙasa.

Yakomina ta kama kunne. "Na tsufa, ba na ji sosai."

"Na ce naki ne, mayya!"

Dariya ta ɓarke har da masu injin. Stanis ya kafa farantin alamar iyaka a jikin bishiyar, ya ce daga yau ko shi bai isa ya sare ta ba. Ni kam hawaye nake sharewa don murna.

Yakomina ta tsinci kwakwa ɗaya ta fasa, ta miƙo wa Kaka ta saman layi.

"Sha, 'yar'uwa. Daga gonata ne."

Kaka ta karɓa ta shanye tas, tana zaginta.