Maki Takwas na Gidan Gwaggo

Aikin Auta bin gida-gida ne da tambaya ɗaya, sai dai mai nauyin baki: me kuka ci jiya, daga tashi har kwanciya? Masana sun kasa abinci rukuni goma, hatsi da wake da nama da ƙwai da madara da ganye da sauransu, kowane rukuni maki ɗaya. Unguwar da ta kasa kai biyar, a kai wa asibitinta abincin gina jikin yara na shekara biyu. Wadda ta haura kuwa, a shafa mata kore a taswira, a ce Allah ya ƙara.

Da na'ura ta zaɓo gidajen da za a shiga, sai ga unguwar da Auta ta tashi, har da gidan Gwaggo wadda ta goya ta. Ta yi murna. Ta san 'yan biyun da Gwaggo ke riƙo tun rasuwar uwarsu: shekararsu uku, gashi ya yi ja, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya. In gaskiya za a rubuta, unguwar nan ko maki uku ba za ta kai ba.

Kuskurenta ɗaya, ta buga waya ta ce, "Gwaggo, ranar Talata za mu zo da shugabata."

Ranar Talata suka tarar da layin an share shi tas. A gidan farko akwai gwangwanin madara a kan taga, gefensa a lotse. Matar gidan ta ce jiya sun sha madara, sun ci nama. A gida na uku ma ga gwangwani a kan taga, lotsewar nan dai a gefe guda. Nan Auta ta gane. Gwangwanin ya fi su sauri, ta ƙofar baya yake bi.

A gidan Gwaggo ya tarye su a kan tebur, an haɗa shi da ɓawon ƙwai biyu a faranti. Da yake dangi ne, shugaba ce ta yi tambayar, Auta na riƙe da kwamfutar hannu tana shigarwa.

"Mama, me yaran suka ci jiya da safe?"

"Ƙwai, ranki ya daɗe. Da madara."

"Da rana fa?"

"Shinkafa da wake, da kifi, da ɗan ganye da karas." Gwaggo ta gyara mayafin da ba ta fito da shi sai za ta unguwa. "Sai lemon zaƙi. Ba sa kwana ba su sha lemo ba."

Daga inda Auta ke zaune tana hango tukunyar a bayan ƙofa, an kife ta da tire, busasshen garin masara ya kama bakinta. Ɗaya daga cikin 'yan biyun ya rarrafo ya ɗauki ɓawon ƙwan yana lasa. Gwaggo ta karɓe tana dariya, ta ce ɗan nan ba ya ƙoshi da ƙwai.

Shugaba ta juyo tana murmushi. "Ashe a gidan daɗi kika tashi. Haka ne duk abin da ta faɗa?"

Kalma ɗaya ce za ta gyara komai, Auta ta sani. Amma ga idon Gwaggo a kanta yana roƙo, ga shugabar da take gaya wa kullum cewa ita 'yar rufin asiri ce. Kunyar da ta sa tsohuwa aron gwangwani ita ce ta ɗaure mata harshe. Ta ce, "Haka ne." Da yatsarta ta danna, kwamfuta ta nuna takwas.

Bayan wata huɗu taswira ta fito, unguwar kore shar. Motar abincin yara ta wuce ta bakin titinsu zuwa wata unguwa da mutanenta ba su da 'ya a aikin. Auta ta tsani kanta, ta tsani taswirar, ta rasa wanda za ta kai wa ƙara.

Ta je gidan da ƙwai a leda. Ta tarar da Gwaggo a tsakar gida, ta goya ɗaya cikin 'yan biyun, ɗayan yana kwance a tabarma, ƙafafunsa sun kumbura, ko ɗaga kai bai yi ba.

"An ce takwas muka ci," in ji Gwaggo, fuskarta cike da fara'a. "Duk layin nan ni na fi. Ban ba ki kunya a gaban shugabarki ba ko?"

Auta ta ajiye ledar a gefen tabarma.

"Ba ki ba ni ba, Gwaggo."