Mai Tsaya Masa

"Kai ne ɗansa?" ma'aikaciyar jinya ta tambaya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Maƙwabcinsa ne ni," in ji mai gyaran keken ɗinki. "Bango ɗaya ya raba mu a gidan haya. Faɗuwarsa na ji, na ɗauko shi."

Ta turo masa takarda. Likita zai yi wa tsohon aiki a ciki, amma sai an samu wanda zai sa hannu cewa shi ne mai tsaya masa: shi zai ɗauke shi in an sallame shi, shi zai yi jinyarsa wata uku, da juyawa da wanka da kai shi banɗaki. Kuɗin aiki kam an biya. Bankin da tsohon ya kafa ya aiko da su tun da safe, har da kwandon lemo. Mutum ne kawai ba su aiko ba.

"Bari in je gida in yi shawara."

"Ka dai yi sauri. Cikin nan ba ya jiran shawara."

Baba Biyar ake ce wa tsohon. Shekara talatin da suka wuce ya ajiye aikin ofis, ya sayar da motarsa, ya kafa tebur a bakin kasuwa yana ba mata jari ba tare da jingina ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: su zo su biyar, kowace ta dangwala yatsa cewa ta tsaya wa sauran. In ɗaya ta kasa, an rufe wa huɗun ƙofa sai sun gyara. Tebur ya zama shago, shago ya zama bene mai gilashi. Daga baya yara masu digiri suka ce Baba ya huta, suka rataye hotonsa a zaure, shi kuma ya dawo ɗaki ɗaya, ba mata ba ɗa. Rabin kekunan da mai gyara ke ci da su, jarin Baba ne ya saye su. Har da na matarsa.

Ya same ta tana kafa hannun riga. Ta saurara har ya gama, ƙafarta ba ta bar taka keken ba.

"Baban yara, kai kana shago daga safe har yamma. Wa zai yi wankan?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ni ke nan. Da hannun da na ɗauki injin Auta."

Ya san zancen, amma rabon da ta kira sunan ƙanwar tata har ya manta. Rukuninsu ɗaya. Shekarar da mijin Auta ya kwanta, ta kasa biya, su huɗun suka je da baro suka kwance injin markaɗenta. Matarsa ce ta riƙe gaba. Auta tana tsaye a bakin ƙofa da goyo, ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi, "Yaya, ki riƙe da kyau, ƙafarsa ɗaya tana rawa." Ita ce maganarsu ta ƙarshe. Auta ta bar garin, shekara goma sha ɗaya sai saƙon rasuwarta.

"Ai ba shi ya ɗauka ba," ya ce a hankali.

Keken ya tsaya. "Shi ya sa."

Washegari ya tarar da tsohon a farke, ruwa na shiga hannunsa, leɓunansa sun bushe.

"Injiniya! Ka zo da alƙalami, ko gaisuwa ce?"

"Ana nan ana shawara, Baba."

"Maiɗakinka ta ƙi." Ya yi dariya, dariyar ta taɓa ciwon, ya dafe ciki. "Ta yi daidai. Tsoho, ba sana'a, ba mai tsaya masa. In ni ne a teburin, ko sisi ba zan ba ni ba."

"Baba, ka san abin da ya faru da Auta?"

"Mai markaɗe. Na sani." Ya daɗe yana kallon silin. "Duk taron da aka kira ni, cewa nake ban taɓa aika ɗan sanda gidan kowa ba. A yi ta tafi. To me zan yi da ɗan sanda, Injiniya, ina da yayye?" Ya juyo da ido. "Amma ka gaya mini, mata dubu nawa suka tashi? In na sassauta wa ɗaya, gobe goma ne, jibi babu teburin. Shekara da shekaru ina auna wannan, ma'aunin ya ƙi tsayawa."

Mai gyara ya ɓare masa lemo, ya kasa sha. Da ya fito ya biya ta teburin ma'aikaciyar, ya ga ba ta nan. Ya ji daɗin rashinta, ya kuma ji kunyar daɗin. Bai jira ba. Ya wuce shago, ya yini a kan keke ɗaya da ke tsinka zare, yana kwancewa yana ɗaurawa.

Kwana na uku ya tashi da niyya. Zai sa hannu, ko da zai rufe shago ya yi wankan da kansa. Bai gaya mata ba.

A asibiti ya tarar an yaye zanin gadon. Kwandon lemon yana ƙasa.

"Da asuba," in ji ma'aikaciyar. "Likita ya ce da jiya ne, da an gwada." Ta jawo wata takarda. "Mutanen bankinsu sun bugo waya, za su zo da mota da mai hoto, amma ba wanda zai sa hannun karɓar gawa. Kai fa?"

Ya duba layin. Kalmomin nan ne dai, mai tsaya masa. Alƙalaminta ya ƙi rubutu, ta buɗe masa tawada. Ya danna babban yatsa, ya dangwala.

"Yau ba shawara?" ta ce.

Da azahar ya shiga gida. Matarsa ta kawo buta ta tsiyaya masa ruwa, sai idonta ya faɗa kan yatsan. Ta daɗe tana kallon shuɗin, fuskarta a ɗaure.

"Ka sa ke nan." Ta ajiye butar. "To. Amma ba don shi ba, ka gaya masa. Yaushe za a sallamo shi?"

Bai gane ba sai da ya ɗaga labule. Ta ja kekenta ta mayar bayan ƙofa. A inda yake a da, gefen taga, an shimfiɗa katifa, da leda a ƙasa, da sabon zanin gado wanda ko zaren bakinsa ba a gama yankewa ba.