Girar Baba Nesmin

Irterau ta riga ta aske girarta kafin gawar kyanwar ta huce. Haka ake yi a garin Bubasti: in kyanwa ta mutu a gida mutuwar kanta, kowa na gidan ya aske gira, a kai ta haikalin Bastet, allahiyar kyanwoyi, a naɗe ta da likkafani. Wanda ya kashe kyanwa kuwa, ko da kuskure ne, ba ya kai wa gaban alƙali. Mutanen unguwa ke gama masa aiki da duwatsu.

Wannan kuma ba mutuwar kanta ta yi ba. Mahaifin Irterau, tsoho Nesmin, wanda idonsa ya tafi tuntuni amma taurin kansa yana nan daram, shi ya ture dutsen niƙa yana lalube, dutsen ya faɗa wa kyanwar a baya.

Irterau ta nannaɗe gawar tam don kada karayar ta nuna, ta yi kururuwar makoki kamar yadda aka saba. Sai da muryarta ta tashi unguwa sannan ta tuna da saura gira biyu a gidan. Ta ɗauko aska ta durƙusa gaban tsohon.

"Baba, ɗago fuska."

"Ba zan ɗago ba."

"Baba, don girman Bastet!"

"Don girmanta ɗin ne na ƙi. Ni na kashe mata 'ya, sannan in aske gira in ce mutuwa ta yi? Ke kin ga makaho, kin zaci ita ma makauniya ce?"

Irterau ta buɗe baki za ta amsa. Daga waje ta ji muryar maƙwabciyarsu Tabes, matar da ba a taɓa yin rasuwa ba tare da ta fi masu gida kuka ba.

"Irterau! Wai 'yar baƙar nan ce? Jiya fa na gan ta tana tsalle a kan katanga! Buɗe mana mu gani!"

"Ina zuwa, Tabes, bari in rufe jikina!"

Ta matso da bakinta kunnen tsohon. "Suna shigowa girarka za su fara dubawa."

"Su duba. Na tsufa, jifa nawa zan ɗauka?"

Haushi ya turnuƙe ta. Ta kamo hannunsa ta ɗora a goshinta, ta goga yatsunsa a inda gashi yake ɗazu.

"Ji nan. Na riga na yi ƙaryar, unguwa duka ta ji. In suka gama da kai, wa kake jin za su juyo wa?"

Yatsunsa suka tsaya a kan fatar. Ƙofa ta ci gaba da jijjiga, muryoyi sun ƙaru, har da na maza. Tsohon ya janye hannunsa. A hankali ya ɗago fuska.

Ta aske ta dama, ta aske ta hagu, hawayensa na jiƙa mata yatsu. Ta share farin gashin da tafin ƙafa zuwa cikin toka, ta miƙe za ta buɗe ƙofa. Sai ya riƙe gefen zanenta.

"Tun ina goye ake kai ni gaban Bastet," in ji shi a hankali. "In za ki kai gawar, kada ki ja ni. Ba zan tsaya gabanta da fuskar ƙarya ba. Ni da haikalin nan mun gama."