Layin da Ke Saman Sunanmu

Ni na buɗe littafin, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

A bakin hanyar ƙafa mai shiga dajin akwai akwatin katako da littafin masu shiga daji, kamar ko'ina a duwatsun Adirondack. Shekara goma sha ɗaya ke nan ni da matata Corinne muka raba aikin: ni nake rubuta sunanmu in za mu shiga, ita take sa alamar mun fito lafiya.

Ran Asabar ɗin nan tana baya tana fama da igiyar takalmi, sai na ga abin da wani ya rubuta da safe, har ya ja masa layi biyu: "Bayan gada ƙanƙara ce zalla, sulɓi kamar gilashi. Mun juyo."

Awa huɗu na yi ina tuƙi don in ga wani ruwa mai zubowa daga tsauni ya daskare a jikin dutse, kuma ni mutum ne mai taurin kan tsiya. Na rubuta sunanmu daidai ƙasan gargaɗin, na rufe akwatin.

"Akwai wani labari, Wendell?" in ji ta.

"Babu. Kowa yabon hanya yake."

"To mu je, tsoho, kafin gwiwarka ta tuna shekarunta."

Muna tsallake gadar ta faɗi. Ko taku ashirin ba mu yi ba. Ta kai hannun dama don ta tare, na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Corinne aski take yi a garinmu, da hannun nan take riƙe almakashi.

Na ɗaure mata hannun da mayafin wuyana, muka juyo a hankali. Ruwan da na zo gani ko hango shi ban yi ba. Abin da ya fi ci mini rai, ita ce ke ba ni haƙuri.

"Na ɓata maka rana. Wa ya san haka wurin yake?"

Na ce babu wanda ya sani. Kunya ta hana ni kallon fuskarta.

Da muka iso akwatin na yi sauri na sha gabanta.

"Wuce mota, bari in sa alamar."

"Kai, matsa can. Aikina ne. Hagun ai tana nan."

Ta buɗe littafin da ƙyar, ta bi shafin da yatsa har ta kai sunanmu. Sai yatsan ya hau layi ɗaya sama, ya tsaya. Ina tsaye ina kallon tururin numfashinta.

Ta sa alamar a karkace, ta mayar da fensirin.

"Rubutunka ya yi kyau yau, Wendell," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ko rawa hannunka bai yi ba."