Jumaat da Teburin Bakin Taga

Jumaat mijin ƙanwata maƙaryaci ne, kuma cikinsa ne ya sa shi ƙaryar. Na faɗa masa haka ido da ido, don haka ba zan ɓoye a takarda ba. Mutumin nan ya ɗora wa matarsa cutar da ba ta da ita, don kawai ya ci ƙaguwa babu mai kallonsa.

'Ya'yansu ne suka shirya musu tafiyar, kwana biyar a jirgin ruwa na shaƙatawa, daga Singapore zuwa Penang da Phuket a dawo. Suka roƙe ni in raka su, domin ni ne babba a gidanmu, shi ya sa ma ake kirana Along, kuma sun san halin ubansu. Zaiton, ƙanwar tawa, shekara tara ta yi tana jinyar uwar Jumaat a gidansu na hawa na goma sha ɗaya a unguwar Bedok ta Singapore. Duk shekarun nan a tsaye take cin abinci, a kicin, bayan kowa ya ƙoshi, kunnenta ɗaya yana ɗakin tsohuwa. Abin da take so a wannan tafiya bai wuce ɗaya ba: ta zauna a babban tebur cikin mutane, wani ya kawo mata abinci, ta yi hira har ya huce. An gaya mata a rana ta uku akwai walimar kyaftin, kowa zai ci ado. Tun saura wata biyu ta kai wa tela yadi kore mai duhu, ta yi ta sintiri a kansa har ya gaji ya ɗinka.

Aka ba mu tebur mai lamba arba'in da ɗaya, na mutum takwas. Ban da mu uku akwai Mista Goh mai sayar da kifi da matarsa, da wasu malaman makaranta mata biyu daga garin Ipoh waɗanda ba su da aiki sai dariya, sai Sista Letchumi, tsohuwar nas mai ritaya, doguwa, tabaronta rataye da sarƙa.

A zaman farko Jumaat ya sa aka kawo masa ƙaguwa, da naman rago, da kayan zaƙi iri biyu. Ya juya kai gefe ya haɗiye wata 'yar ƙwaya. Sista ta ɗaga tabarau.

"Encik Jumaat," in ji ta, wato Malam Jumaat a harshenmu, "wannan ƙwayar ta suga ce ko?"

"Ta ƙarin kuzari ce."

"Shekara talatin da biyu ina raba ta a asibiti. Ta suga ce. Tura kwanon zaƙin nan gaban matarka."

"Haba Sista, bar shi ya ci," in ji Mista Goh. "Ai tumbin nan ba jiya aka fara gininsa ba. Hawa nawa ka kai yanzu, Jumaat? Akwai lif na hawa sama?"

Malaman Ipoh suka kwanta a kan juna don dariya. Zaiton ta yi dariya har da hawaye, tana toshe baki da gefen mayafi. Na manta rabon da in ji wannan dariyar tata. Ta ci kayan zaƙin mijinta duka biyun, ta tambayi Misis Goh yadda ake gane kifin da ya kwana, ta ba malaman labarin ranar da tsohuwa ta ɓoye haƙoranta a tukunyar shinkafa. Mu ne ƙarshen tashi.

Muna fita Jumaat ya ja ni gefe.

"Along, ni ba zan sake zama da mutanen nan ba. Hutawa na zo, ba asibiti ba. Ka ga ƙaramin teburin can bakin taga? Na mutum biyu. Shi nake so."

Na ce masa wanda ba ya son a ga abin da yake ci, ya san abin da yake ci ba daidai ba ne. Bai saurare ni ba. Ya juya wajen matarsa, wadda yake kira Ton.

"Ton, ke ma ai kin fi son mu biyu, ko?"

"Ni teburinmu ya yi mini, Abang," in ji ta, don haka matanmu ke kiran miji.

"Ka ji ko, Along? Ita ma ta gaji da su."

Haka yake. Ba ya jin maganar Zaiton sai in cewa ta yi abinci ya dahu.

Washegari, da muka dawo daga yawon Penang da la'asar, ya lallaɓa ɗakin cin abinci ya ajiye fakitin tishu a tsakiyar ƙaramin teburin. A garinmu wannan ya gama magana. Fakitin tishu a kan tebur mutum ne zaune. Ka ajiye shi a kasuwar abinci da tsakar rana, ka tafi layi rabin awa, ka dawo ka tarar ba wanda ya taɓa kujerar, komai cikar wurin. Abin da Jumaat bai lissafa ba shi ne jirgin sabon zuwa ne ruwanmu. Duk shekarunsa a tekun Turai ya yi, ma'aikatansa ma daga can ya kwaso su.

Bayan awa guda ya koma dubawa, babu tishu. Ya ajiye biyu. Ya koma, babu. Ya ajiye uku, ya jingina laimarsa a kujera. Lokacin cin abinci muka shigo, sai ga wani tsohon Bature ɗan Holan da matarsa zaune a wurin, domin tun farkon tafiya teburinsu ne. Tsohon ya farke fakiti ɗaya yana fyace hanci da ƙarfi, kamar ana busa ƙaho.

"Na kama wurin nan," in ji Jumaat, yana nuna tishun.

"A'a, naka ne? Na gode ƙwarai," in ji tsohon, ya miƙa masa ragowar. Wani ma'aikaci kuma ya biyo shi har teburinmu da laima, yana murna ya tsinto masa abin da ya ɓata.

Gaskiya ni ma abin ya ɗan sosa mini rai. Ba a fyace hanci da tishun da aka kama wuri da shi. Amma rashin sani ne, ba mugunta ba.

"Ka yi sa'a, Jumaat," in ji Mista Goh. "Da takalminka ka ajiye, da yanzu yana ƙafar Bature."

A ranar dafaffen kifi mara mai Jumaat ya ci, Sista tana ƙirga masa loma da ido.

Rana ta uku, ranar walima, tun azahar ya fita da aljihu a kumbure. Na bi shi don in hana shi. Na tarar yana jera fakiti biyar a bakin teburin kamar shinge. Kafin in yi magana sai ga shugaban masu kawo abinci, wani dogo mai suna Mista Osvaldo, da safar roba a hannu, riƙe da farar leda. Sauran tishun Jumaat ne a ciki.

"Yallaɓai," in ji shi, "tun jiya ma'aikatana ke tsintar tishu duk inda ka bi. Lafiyarka kuwa? Mura ce, ko ciki?"

Na ga idon Jumaat ya yi haske, irin na wanda ya hango ƙofa a buɗe.

"Ba ni ba ne, matata ce. Tun jiya cikinta ke murɗawa. Amai, gudawa, abin ba kyau. Kunya take ji. Shi ya sa nake nema mana ƙaramin tebur, kada ta shafa wa jama'a."

"Ka kyauta da ka faɗa," in ji Mista Osvaldo, ya ja baya taki ɗaya. "Lambar ɗakinku?"

Jumaat ya faɗa, har da ƙifta mini ido. Ni kuwa na yi shiru, don kada in kunyata suruki a gaban baƙo. Wannan laifina ne, na ɗauka. Da muka fita na ce masa ya ji tsoron Allah, ya ce, "Along, kai dai ka jira ka ga ƙaguwa."

Ƙarfe biyar muna ɗakinsu. Zaiton ta sa koren kayanta, Sista Letchumi tana gyara mata mayafi da allura a baki. Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Jumaat ya tashi da murmushi, a zatonsa albishir ɗin tebur aka kawo. Sai ga likitar jirgi, wata 'yar ƙaramar mace da takunkumi a fuska, bayanta maza biyu ɗauke da tankin feshi, ledar tishun kuma tana hannunta.

"Wace ce Puan Zaiton?" in ji ta, wato Malama Zaiton.

"Ni ce."

"Mijinki ya sanar da mu kina amai da gudawa. Dokar jirgi ce, duk mai irin wannan ciwo zai zauna a ɗaki kwana biyu, ba fita. Za a riƙa kawo miki kunun shinkafa."

Allurar ta faɗo daga bakin Sista. Zaiton ta tsaya, hannunta a kan mayafin da ba a gama ɗaurawa ba. Ta dubi kayanta, ta dubi mijinta. Kalma ɗaya zai faɗa a wuce wurin. Da ya ce ƙarya ya yi, da shi ke nan. Sai ya sunkuyar da kai yana kallon kafet.

"Likita, ai ta ji sauƙi yanzu," in ji shi can ƙasa-ƙasa.

"Duk haka suke cewa."

Na buɗe baki zan gyara shirun da na yi da azahar, Zaiton ta ɗaga mini hannu.

"Dakata, Along." Ta juya wajen likita, muryarta a kwance. "Likita, ki yi masa afuwa. Kin san maza da kunya. Shi ne tun asuba yake sintiri tsakanin gado da bayi. Ya kasa faɗa, sai ya ce ni ce."

"Ton!"

"Ba komai, Abang, ai ciwo ba abin kunya ba ne."

Likita ta dubi Zaiton, fuska fes, ido garau. Ta dubi Jumaat. Gumi na zuba masa har wuya. Kuma daidai lokacin cikinsa ya yi wata doguwar ƙugi wadda kowa a ɗakin ya ji, domin jiya a Penang ya sulale mana ya ci shinkafa da miya kala huɗu, faranti biyu, ya ɗora da ƙanƙara mai madarar kwakwa.

"Sista, kin san su?" in ji likita, don ta ji Zaiton na kiranta haka.

"Abin da na gani kawai zan faɗa," in ji Sista Letchumi. "Tun ranar farko mutumin nan ba ya iya zama a tebur. Kullum neman tashi yake."

Likita ta juyo gare ni. Na ce abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne ƙanwata lafiyarta ƙalau.

"Ƙarya suke yi mini!" Jumaat ya daka tsalle. "Lafiyata lau! Ita ma lau! Tishun nan tebur na kama da shi!"

"Ka kama tebur," in ji likita a hankali. "Da tishu."

"E mana! Ka ajiye shi, wurin ya zama naka! Kowa ya sani!"

"Sai tishun ya tsare maka kujera."

"Ƙwarai!"

Ta taɓa goshinsa da bayan hannu, ta rubuta wani abu a takarda, ta ce wa mazan biyu wani lokaci rashin ruwa a jiki yana kawo ruɗewa. Jumaat ya kira ni shaida. Na ce al'adar gaskiya ce, haka muke yi a gida. Likita ta dube ni ni ma wani irin kallo, ta tambaye ni ko ɗaki ɗaya muke kwana. Na ce a'a, na ja bakina.

Sista tana da gado biyu a ɗakinta, Zaiton ta kwashe jakarta ta koma can. Aka fesa ɗakin Jumaat, aka liƙa jar takarda a ƙofa.

Ƙarfe shida da rabi muka zauna a tebur na arba'in da ɗaya, mu bakwai. Kyaftin ya zagayo, ya yaba koren kaya, aka ɗauke su hoto. Mista Goh ya zaɓar wa Zaiton ƙaguwa mafi nauyi, ya nuna mata inda ake dannawa ɓawon ya buɗe. Malaman Ipoh suka sa ta maimaita labarin sau biyu, a na biyun Sista ce ta yi muryar likita. Abincin Zaiton ya huce a gabanta, mai kawo abinci ya ɗauka ya ɗumamo mata, ya sake hucewa.

Ban bar ta haka ba. Na matsa kusa na ce mata ƙarya ƙarya ce, ko wa ya fara.

"Na sani, Along," in ji ta. "Zan yi istigfari bayan kayan zaƙi. Miƙo mini yajin sambal ɗin nan."

Na miƙa mata.

Jumaat ya yi kwana biyu cur a kulle, a ɗakin da ba shi da taga. Sau shida aka kawo masa kunun shinkafa babu gishiri, a ajiye a ƙofa a ƙwanƙwasa a gudu. Bai ga Phuket ba, bai sake cin ƙaguwa ba.